Ku Tambayi Gwaggo: Bazara ta shigo, tuwo ya ƙi shiga

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon wasiƙun da suka zo kusan duk kukan zafi ne, na ɗauki guda uku, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki, ya zafi? Ni ina Garwa ne unguwar Yelwa, yarana huɗu. Tun lokacin sanyi na gyara cin abincin gidana saboda an auna maigida a lopital an ce tansiyo ɗinsa ya hau, wato hawan jini, na rage mai na rage gishiri muna cin ganye sosai, har shi kansa ya ce ya ji sauƙi a jikinsa. To tunda watan Maris ya kama komai ya watse, in na yi tuwo da rana ba mai ci, yara sai dai su karɓi dala ashirin su sayo folere (soborodo) mai ƙanƙara, shi kuma maigida lemon kwalba biyu uku a wuni, da dare kowa ya ci makala ko burodi ya kwanta. Ga wuta ba ta zama, firigo ya koma kwaba, miyar da na yi da safe kafin la'asar ta yi tsami. Wallahi na gaji, ya zan yi? Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: 'Yata sannu da ƙoƙari, kuma ki daina ganin laifinki ne. Garwa a watan Afrilu zafi yana kaiwa wajen digiri 40, har dare ma bango yana huci kamar an sauke tukunya, to a irin wannan yanayin jiki da kansa yake rage son abinci, domin narkar da abinci ma zafi yake ƙarawa a ciki. Yaron da ya ture tuwo ƙarfe ɗaya na rana ba rashin ji ba ne.

Abin da zan ce miki shi ne ki bar faɗa da rana, ki sauya wa abincin lokaci kawai. Abinci mai nauyi ya koma safe da bayan magariba. Ki tashi bayan asuba lokacin da iska take ɗan kaɗawa ki yi girkinki, kowa ya ci ya ƙoshi kafin ƙarfe takwas, tuwon masakwa ne da miyar kuka ko lalo, ko shinkafa da wake. Wanda ya fita da cikinsa cike da safe ba zai wuni yana neman abin zaƙi ba. Da rana kuma abu mara nauyi mai ruwa-ruwa, kuma wallahi iyayenmu sun riga sun gama mana wannan lissafin tun ba a san firigo ba: kunun tsamiya, fura da nono, farau-farau, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli da albasa da ɗan tumatir. Ni na tashi na ga kakata in rana ta take sai ta jiƙa tsamiya a ƙwarya, ta dama gero ta rufe da faifai ta ajiye gindin randa inda ƙasa take da laima, duk wanda ya shigo gidan ya kurɓa ya yi hamdala, kuma ban taɓa ganin ta zuba sukari ya wuce ɗan abin da zai kashe tsamin ba.

Sukarin nan shi ne babban abin da ya tsaya min a rai a wasiƙarki. Lemon kwalba ƙarami guda ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato kusan cokalin shayi takwas zuwa tara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babba kada ya wuce giram 50 a wuni, in ma da hali ya tsaya a 25. Kinga maigidanki da kwalba uku ya ninka abin da aka ce sau biyu tun bai sha shayi ba, ga shi kuma ƙishin ba ya tafiya, minti kaɗan maƙogwaro ya sake bushewa. Folere kuwa (soborodo kenan, 'yan uwanmu na Cadi su ce karkanji) shi kansa abu ne mai kyau, har an ga yana ɗan taimakawa wajen sauke hawan jini, matsalar ta masu sayarwa ce da suke zabga masa sukari sai ya koma kamar zuma, sannan ba ki san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi ba. Ki sayi mudunki ki dafa a gida da citta da kanumfari, ki tace ki sa sukari kaɗan ki zuba a tulu. Satin farko yara za su yi tsaki, ki daure, harshe yana sabawa. Kuɗin folere na sati ɗaya da kike ba su ya isa ki yi na gida duka. Amma fa maigida kada ya ce ya samu folere ya ajiye maganin da likita ya ba shi.

Sai kayan marmari, nan kam bazara ba ta yi mana rowa ba, don daidai lokacin da zafi ya fi tsanani lokacin mangwaro yake cika kasuwa har yana zubewa. Ga kankana wadda sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, ga kokwamba, ga gwanda, ga gauta. Ana so mutum ya samu kamar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a wuni, in kin ba yaro mangwaro ɗaya da yankan kankana da rana ya ci miyar ganye safe da dare ai kin kusa kaiwa. Abu ɗaya nake roƙonki, kankanar da aka yanka aka jera a faranti tun hantsi ƙudaje na bi, ki bar ta ko da arha ce. Ki sayi guda, ko ki haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba, ki wanke bayanta kafin wuƙa ta shiga.

Maganar miya mai tsami kuma, ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60, kinga ɗakin girkinmu a bazara ya zama musu gidan biki. Ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, a zafin Garwa ma gara ki ɗauka bai kai haka ba. Don haka ki rage tukunya, ki dafa abin da za a cinye, in ya rage ki bar shi kan garwashi da zafinsa ko ki sake tafasa shi ya yi ɓararraka sosai kafin a ci, ba ɗumi-ɗumi ba. Shinkafa da miyar gyaɗa da duk abin da aka sa wa mayonez su suka fi saurin juyawa. Ki koma wa busassun kaya ki huta: kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen tumatir, daddawa, wake, bandar kifi. Ɗanyen kifin Binuwai ko na Lagdo, karfasa ne ko giwan ruwa, ranar da kika saya ranar za ki dafa, kada ki dogara da firigon da wuta ke zuwa tana tafiya, narkewa da sake daskarewa shi ne yake ɓata kifi ba ki sani ba.

Gishiri kuma kada wani ya ce miki tunda ana zufa a ƙara masa. Mai hawan jini ya tsaya ƙasa da giram 5 a wuni, cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin burodi da dunƙule, kuma dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasar Marwa da tafarnuwa su ishe ki ɗanɗano. Ki sa ya riƙa zuwa awo, don a zafi wani lokaci jini kan sauka ga mai shan magani har ya ji jiri in ya miƙe, in ya ga haka ya koma wa likitansa ya faɗa masa.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni. Ni ɗan kilando ne, wato ɗan acaba, a Marwa, ina fita tun ƙarfe shida sai dare. Gaskiya da rana ba na cin komai sai shayi mai kauri da goro, wani lokaci lemon ƙara ƙarfi. Kwanan nan kaina na ciwo kullum da yamma, fitsarina ya yi ja kuma kaɗan, sai in sayi maganin ciwon jiki in haɗiya in ci gaba. Ko akwai abincin da zai taimaka min?

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta tayar min da hankali, ka saurare ni da kyau. Abin da ka lissafa alamun jiki ne da ruwa ya yi masa ƙaranci, kai kana kan moto iska na busar da zufar tun kafin ka gan ta shi ya sa ba ka san yawan ruwan da kake zubarwa ba. Kuma magungunan ciwon jikin nan irin su diclofenac da ibuprofen, in aka sha su jiki a bushe ƙoda suke bugawa kai tsaye. Ka dakata da su, ka je asibiti cikin satin nan a duba fitsarinka da jininka, kada ka ce sai ka tara kuɗin mai moto tukuna.

Ka nemi gora ka naɗe ta da tsumman buhu ka jiƙa, ka ɗaure a moto, iskar tafiya da kanta za ta sanyaya maka. Mai aiki cikin rana ana so ya sha kamar kofi ɗaya duk minti 20, ba ya jira sai ƙishi ya kama shi ya ɗaga lita biyu lokaci ɗaya ba. Awonka shi ne fitsari, in ya yi fari-fari kana daidai. Kafin ka fita ka ci abu mai riƙe ciki, kunun gyaɗa da ƙosai ko wake da burodi, in azahar ta yi ka samu inuwar dalbejiya ka sauka ka sha fura da kindirmo wajen wadda ka yarda da tsaftarta kuma ka san tana tafasa madararta, ka sa gyaɗa da dabino a aljihu. Shayi ban hana ka ba amma ka rage sukarin kuma kada ya zama shi ne abincin. Ranar da ka yi zufa sosai ko gudawa ta kama ka, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, ka kaɗa ka riƙa kurɓa, ko ka sayi haɗaɗɗe na cikin 'yar leda a farmasi ya fi daidai. In kuwa ka ga abokin aikinka ya fara sambatu, jikinsa zafi rau, yana tangaɗi, ku kai shi inuwa ku kwara masa ruwa ku yi ta fifita, a wuce da shi asibiti nan take, bugun zafin rana yana kisa.

TAMBAYA: Gwaggo jaririyata watanta huɗu, muna Kusiri. Surukata ta ce zafin nan ya yi yawa in riƙa ba ta ruwa, ni kuma a awo an ce kar in ba ta. Ina jin nauyin yi mata musu.

AMSA: 'Yata, Inna tausayi ne ya sa ta faɗa, amma maganar awo ita ce daidai. Nonon uwa sama da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, ya ishi jariri har wata shida ko a zafin Kusiri da Njamena, ruwa kuwa yana cika ɗan cikinta ta rage tsotso, kuma ta nan gudawa ke shigowa. Ki yawaita ba ta nono dare da rana, ke kuma ki sha ruwa da kunu sosai ki ci ki ƙoshi. In tana jiƙa tsumma kamar sau shida a wuni lafiya lau take, in kuwa fitsarin ya ragu ko maɗigarta ta faɗa ko ta ƙi kama nono, ku tafi asibiti ba jira. Kada ki yi musu da Inna, ranar awo ki roƙe ta ta raka ki ta riƙe miki jikarta, sai malamar asibiti ta yi mata bayani da bakinta.