Malam, ya halatta in karanta aƙidar Buddha ta "komai fanko ne"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Malesiya, a kwas ɗin falsafa an koya mana sunyata, wai komai fanko ne, babu abin da ke tsaye da kansa, kuma wallahi maganar ta ɗan shige ni. Imanina ya taɓu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, mu fara fahimtar me suke nufi tukuna, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Mabiya Buddha ba cewa suke babu komai ba. Nagarjuna, babban malaminsu a Indiya wajen ƙarni na 2 miladiyya, cewa ya yi duk abin da ya samu saboda wani abu to ba shi da zati na ƙashin kansa, wannan shi ne fankon. Ɗauki kofin shayinka, cire ganyen, cire madara da suga da ruwan zafi, ina shayin? Haka suke kallon mutum ma, har da sarƙar sababai mai gaɓa 12 da ta faro daga jahilci ta ƙare a tsufa da mutuwa.

Toh rabin maganar nan gaskiya ce in halitta ake nufi, Allah ya ce a Suratu Faɗir aya ta 15 ku ne mabuƙata zuwa ga Allah, Allah shi ne Mawadaci. Matsalar ita ce su ba su ware kowa ba, ba Mahalicci a tsarin, ba ruhi tabbatacce, wannan ya dogara da wancan, wancan da wancan, haka dai ba farko, kuma shi ne tasalsuli da malaman tauhidi suka ce hankali ya kore shi. Kowa ana binsa bashin samuwa, to wa ke da jarin? Mu mun ce As-Samad, mai tsayuwa da zatinsa.

Don haka karantawa domin jarabawa ko sani ya halatta, ƙudurce cewa babu Mahalicci ko ruhi kuwa kafirci ne. Waswasin da ya zo maka kana ƙinsa bai taɓa imaninka ba. Amma kar ka yi wasa, Imamu Ahmad ya kawo yadda Sumaniyya, wata ƙungiya da ake dangantawa da mabiya Buddha, suka rikita Jahamu ɗan Safwan, jagoran Jahamiyya, a muhawara har ya yi kwana 40 ba ya salla. Ka samu malamin tauhidi a nan inda kake ka riƙa zama gabansa, kuma banda zaman zurfafa tunani na mabiya Buddha a wurin bautarsu.

Wallahu a'alam.