Hukuncin zaga kasuwannin Zanzibar don yawon buɗe ido

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina za mu je hutu tsibirin Zanzibar da ke gabashin Afirka, kwana shida, kuma muna son shiga kasuwar Darajani da wajen masu gashi na Forodhani. Wani abokina ya ce shiga kasuwa don kallo bai dace ba, wai ita ce wurin da Allah Ya fi ƙi. Kuma an ce suna cin ƙaguwa da wasu halittun teku da ba mu saba da su ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ku je, babu laifi.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Abu Huraira: mafi soyuwar wurare ga Allah masallatai ne, mafi ƙiyuwarsu kuma kasuwanni. Amma malamai sun bayyana cewa dalilin hakan shi ne abin da ya yi yawa a kasuwa na algus da rantsuwar ƙarya da shagala ga barin sallah. Shigarta kuwa halas ce, domin a Suratul Furƙan, aya ta 20, Allah Ya siffanta manzanni da cewa suna cin abinci suna tafiya a kasuwanni. Wanda ya shiga ya ga kanumfari da kirfa da masoro a ƙasar da ake noma su, ya sayi tsaraba, ya fito kafin sallah ta kuɓuce masa, bai yi zunubi ba.

Abincin teku shi ma da sauƙi a wajenmu Malikiyya. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halas ne. A kan haka Malikiyya suka halatta ƙaguwa da jatan lande da wannan mai hannuwa takwas da mutanen can ke kira pweza, ba tare da yanka ba, ko da dabbar tana iya daɗewa a tudu. Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. In ranka bai kwanta da wani abu ba ka bar shi, amma kada ka ce wa mai ci ya ci haram. Mutanen tsibirin mafi yawansu Musulmi ne, sai dai a gidajen abincin da aka buɗe don baƙi akan sayar da giya, don haka ku duba inda za ku zauna.

Inda na fi ji muku tsoro shi ne mu'amala da masu sayarwa. A sashen kifi na Darajani, kasuwar da aka gina tun 1904, ana yin gwanjo: a shimfiɗa kifi a ƙasa, mutane su kewaye, kowa yana ƙara kuɗi. Gwanjo halas ne. Amma baƙo kan ji daɗin abin har ya sa baki ya ƙara farashi alhali ba saye zai yi ba. Wannan ya shiga cikin najash da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim, kuma cutarwar tana sauka ne a kan wanda ya zo sayen kifin cefanen gidansa. In ba saye za ka yi ba, ka yi kallo ka kama bakinka.

Haka ciniki. Tayawa halas ce, kuma na san akan tsuga wa baƙo kuɗi. Ka taya, amma kada ka sa dattijuwa ta kwance ƙullin kayanta ta auna maka, ku daidaita, sannan ka juya ka tafi don dama gwaji kake yi. Kada kuma ka kushe kaya da ƙarya don a rage maka. Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya roƙa rahama ga mutum mai rangwame idan ya sayar, idan ya saya, idan ya nemi biyan bashi. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga nan har gabashin Afirka, wallahi bai kamata ya matsa wa mai tallan kwakwa a kan 'yan canji ba.

Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa, musamman mata. Ku kiyaye sutura da ido a Forodhani da yamma, domin akwai cunkoso da baƙi iri-iri.

Game da sallah, tunda kun yi niyyar kwana shida, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru. Za ku yi ƙasaru a hanya, ku cika da zarar kun sauka. Idan Juma'a ta riske ku a can, da an kira sallah ka bar ciniki ka nufi masallaci.

Wallahu a'alam.