Filin Tambaya da Amsa: Na sayi X-Touch amma ya ƙi magana da Cubase

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a nan Kano wajen Zoo Road, muna ɗaukar waƙoƙin biki da na yabo da ɗan tallan rediyo. Na samu Behringer X-Touch na hannu a wajen wani abokina, na jona shi da kwamfuta ta USB fitilu duk sun kama amma Cubase, manhajar da nake haɗa waƙa da ita, ko kallonsa bai yi ba, na duba bayansa ban ga inda ake saka makirfo ba, abin da ya fi ɗaure min kai in na danna wani maɓalli sai in ji fiyanon da na buɗe a cikin Cubase ta yi ƙara ita kaɗai. Anya ba matacce aka haɗa ni da shi ba? Daga ɗaya daga cikin masu bibiyarku.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, wannan ƙarar fiyanon da ta tsorata ka ita ce shaidar cewa na'urarka lafiya lau take, saƙonta yana isa kwamfuta, kawai dai ba inda ya kamata yake sauka ba.

Mu fara da maganar makirfo don nan mutane da yawa ke ruɗewa. X-Touch ba mikisa ba ce duk da ta yi kama da ita sak. Sauti ba ya bi ta cikinta ko kaɗan, rimot ce kawai, irin na talabijin, sai dai ita mikisar da ke cikin Cubase take juyawa. Makirfonka da sifikokinka suna nan a kan sawun kad ɗinka, wato na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta ta kuma fitar da shi, kamar da, Focusrite ce ko me kake amfani da ita kar ka taɓa su. Waɗancan ramukan jak ɗin da ke bayanta na abin takawa ne da ƙafa, kar ka je ka cusa musu waya daga sawun kad.

To tunda rimot ce dole su yi yare ɗaya da manhaja. Yarukan da aka fi sani guda 2 ne, akwai HUI wanda kamfanin Mackie ya fitar a 1997 saboda manhajar Pro Tools, akwai kuma Mackie Control wanda Cubase da Logic da Reaper da Ableton ke ji. Ita X-Touch tana iya duka biyun amma ɗaya take yi a lokaci guda, kuma kayan hannu yakan zo ne a kan saitin mai shi na baya, in ɗan Pro Tools ne to tana nan tana ta zuba HUI Cubase ɗinka bai san me take cewa ba. Ka kashe ta, ka danne maɓallin SELECT na layi na 1, ka kunna ba tare da ka ɗaga yatsa ba har sai rubutu ya fito a 'yan ƙananan allunan nan. Juya abin murɗawa na farko ka kai shi MC, wato Mackie Control, na biyu ka kai shi USB, sai ka sake danna SELECT ɗin. Shi kenan ɓangarenta ya ƙare.

Saura Cubase. Shiga Studio sannan Studio Setup, in kuma tsohon Cubase 5 ne, wanda na san har yanzu shi ne sarki a situdiyoyinmu da yawa, to Devices ne sannan Device Setup. Danna alamar ƙari da ke sama ta hagu ka zaɓi Mackie Control, zai ba ka gurbi biyu, MIDI Input da MIDI Output, ka saka X-Touch a duka biyun. Na ce duka biyun fa. Da yawa Input kaɗai suke sakawa, sai feda, wato abin ja sama da ƙasa na ƙara ko rage sauti, ta riƙa motsa ta cikin kwamfuta amma sunan tirak ba ya fitowa a allo, fitilun mita shiru, fedoji 9 masu mota, wato ɗan injin da ke motsa su da kansu, da ka biya kuɗinsu suna kwance kamar an yi musu asiri. Ta Output ne Cubase ke mayar mata da amsa. Gwajin mai sauƙi ne, ja feda da linzami a kan allo, in ta hannunka ta tashi da kanta to an gama.

Yanzu ga fiyanonka. Mackie Control a kan MIDI aka gina shi, wato yaren da kibod ɗin kiɗa ke magana da kwamfuta da shi, duk maɓallin da ka danna kamar ka taɓa ɗan kibod ne, feda kuma irin saƙon ƙaramar tayar nan ta gefen kibod take turawa mai lanƙwasa sauti. Shi ko Cubase in tirak tana kan All MIDI Inputs duk abin da ya shigo kiɗa ne a wajensa, shi ya sa za ka ja feda ka ji fiyano tana kuka kamar goge, wani sa'in ma ya naɗe shirmen a cikin waƙar mutane ba ka sani ba sai ranar da mai biki ya zo karɓa. A cikin wancan shafin na Studio Setup dai akwai MIDI Port Setup, nemo layin X-Touch ka cire alamar da ke ƙarƙashin In All MIDI. Magana ta mutu.

Tirak 8 take nunawa lokaci guda, feda ta 9 ta masta ce, FADER BANK yana tsallaka maka takwas takwas CHANNEL kuma ɗaya ɗaya, don haka ka riƙa ba tirak gajeren suna don allon ba ya cin dogon rubutu. Ni a ganina inda za ka ci kuɗinka shi ne wajen daidaita murya da amshi, kunna W a tirak ɗin don ya naɗi motsin fedarka, saki waƙa, ka riƙa ɗaga muryar mawaƙi kana sauke 'yan amshi da yatsu biyu a tare, abin da linzami ba zai taɓa yi maka ba, in ka gama ka kashe W ka bar R, shi ke maimaita motsin da aka naɗa. Amma kar wani ya ruɗe ka cewa za ta ƙara wa sautinka daɗi, wannan aikin kunne ne da ɗaki. Sai kuma ƙura, lokacin hunturu ka samo ƙyalle ka riƙa rufe ta, ramin feda a buɗe yake. Kuma kar ka jona ta kai tsaye a janareto, bi ta sitabilaiza ko UPS.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce daga Maraɗi, rimot ɗin Korg nanoKONTROL2 gare ni da manhajar FL Studio, in na taɓa feda sai ƙara ta yi tsalle lokaci guda. Mene ne gyaran?

AMSA: 'Yar'uwa taki ba ta da mota, don haka in kin buɗe wani aikin fedar hannu tana wani wuri ta allo tana wani wuri, kina taɓawa sai ta allo ta zabura ta tarar da ita. Danna F10 ki shiga MIDI settings ki kunna Pickup, daga nan ba za ta motsa ba sai fedarki ta iso daidai inda take. In ma ta daina jin magana gaba ɗaya, cire USB, danne SET MARKER da CYCLE tare ki mayar da wayar, ta koma saitin da za ki ɗaura kowane maɓalli da kanki, danna dama a kan abin da kike so ki zaɓi Link to controller sai ki motsa fedar.