Tambaya da Amsa: Idan Ana Iya Dawo da Dabbar da Ta Ƙare, Ina Amfanin Kare Wadda Take Raye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta nazarin halittu da muhalli, kuma burina shi ne in yi aikin kare namun daji. Amma abubuwa biyu sun hana ni sukuni. Na karanta cewa kashi 73 cikin ɗari na namun dajin duniya sun ƙare tun daga 1970, kuma nau'in halittu miliyan guda suna bakin gushewa. Sai kuma ga labarin wani kamfani da ya ce ya dawo da wani irin kerkeci da ya shuɗe dubban shekaru. Yayana ya ce ko dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, ko kuma ɗakin gwaji zai gyara komai, don haka ta kowace fuska ɓata lokacina zan yi. Ina gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki sauya hanya. Yayanki ya haɗa maganganu biyu da ba su zama inuwa ɗaya, kuma dukansu ba daidai ba ne, sai dai ta biyun ta fi ta farkon haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa zan fi daɗewa a kanta.

Adadin nan na kashi 73 ya fito ne daga rahoton da ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, da Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan suka fitar a 2024, kuma bai ce kashi 73 na dabbobin duniya sun mutu ba. Abin da aka auna shi ne matsakaicin sauyin yawan dabbobi a garkuna kusan 35,000 na nau'o'i 5,495 masu ƙashin baya, tsakanin 1970 da 2020. Ki ɗauki misalin garke uku: na farko ya sauko daga 1,000 zuwa 900, na biyu daga 100 zuwa 20, na uku daga 10 zuwa 1. Da irin matsakaicin da ake amfani da shi a wannan ma'auni, raguwar za ta fito kusan kashi 74, alhali idan kika ƙirga kawuna, daga 1,110 aka dawo 921, wato kashi 17 ne suka tafi. Kusan rabin garkunan da aka bibiya ne suke raguwa, sauran suna nan yadda suke ko ma suna ƙaruwa. Wannan bai sa labarin ya zama mai daɗi ba, domin dabbobin ruwan koguna da tafkuna sun nuna raguwar kashi 85, yankin Latin Amurka da Karibiyan kashi 95, Afirka kuma kashi 76. Shi kuwa adadin miliyan guda ƙiyasi ne da IPBES, kwamitin masana halittu da muhalli na ƙasashen duniya, ya yi a 2019, daga cikin nau'o'i kimanin miliyan 8 da ake zaton akwai, kuma cewa aka yi suna cikin haɗari, ba a ce sun tafi ba. Jan Kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wato jerin da ke nuna irin haɗarin da kowane nau'i yake ciki, ya tantance nau'o'i sama da 160,000, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna fuskantar barazana, ciki har da kashi 41 na dangin kwaɗi da kashi 38 na itatuwa. Mara lafiya ne a kwance cikin mawuyacin hali, amma da ransa.

Yanzu ga maganar da nake jin ta kusan kullum, daga bakin ɗalibai da 'yan jarida har da manyan jami'ai, wato wai kimiyya ta kai inda za ta tayar da duk abin da ya ƙare. A watan Afrilun 2025 kamfanin Colossal Biosciences da ke Texas a Amurka ya nuna wa duniya 'yan kwikwiyo uku farare, ya ce su ne katon kerkecin nan da ya gushe fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Abin da aka yi a zahiri shi ne an ɗauki ƙwayoyin halittar kerkeci na yau, aka yi musu gyara 20 a cikin ƙwayoyin gado 14, domin a samu farin gashi da girman jiki, sannan karnuka suka ɗauki cikin. Dabbar da take da ƙwayoyin gado kusan 19,000, wadda kuma wani bincike na 2021 ya nuna zuriyarta ta rabu da ta kerkecin yau tun kimanin shekara miliyan 5.7, ba a mayar da ita da gyara 20. Kwamitin masana dangin kare na IUCN ya fito fili ya ce waɗannan dabbobi ba tsohon kerkecin ba ne, ba kuma madadinsa ba ne, ita ma babbar masaniyar kamfanin, Beth Shapiro, daga baya ta amince cewa kerkecin yau ne da aka yi wa gyara. Ba na musun cewa aikin ya nuna gwaninta. Abin da nake ƙi shi ne sunan da aka laƙaba masa, da yadda kafafen labarai suka yi ta yaɗa shi ba tare da sun tsaya sun yi tambaya ba.

An taɓa gwada abin da ya fi wannan kusa da gaskiya. Akuyar dutse ta tsaunukan Pyrenees a Sifen ta ƙare a watan Janairun 2000, lokacin da itace ya faɗo wa ta ƙarshe, wadda ake kira Celia. An riga an adana ƙwayoyin fatarta tun tana raye, kuma a 2003, bayan an dasa 'yan tayi da yawa da suka lalace, aka haifi kwafinta guda ɗaya, wato 'yar akuyar da aka samar daga waɗannan ƙwayoyin nata. 'Yar akuyar ta yi ta fama da numfashi saboda nakasar huhu, ta mutu cikin 'yan mintoci. Ko da ta rayu ma, mace ce tilo ba namiji, to da wa za ta hayayyafa? Ki dubi farar karkandar arewa kuma. Namiji na ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu a gandun Ol Pejeta na Kenya a watan Maris na 2018, ya bar mata biyu, Najin da 'yarta Fatu, waɗanda ba mai iya ɗaukar ciki a cikinsu. Masana sun haɗa 'yan tayi sama da 30 suna ajiye cikin sanyi, an kashe kuɗi mai yawa da shekaru, kuma duk wannan wahala a kan dabbar da har yanzu tana tsaye tana cin ciyawa a gabanmu ne, ba wadda sai an tono ƙashinta ba.

Sannan akwai abin da ba ya cikin ƙwayar gado sam, wato abin da dabba take koya daga iyayenta. Hankakan Hawaii ya ɓace daga daji a 2002, amma an ci gaba da kiwonsa a keji. Da aka kwatanta kukansa na da da na yanzu, sai aka ga wasu kiraye-kirayen sun sauya, wasu sun ɓace, musamman na gargaɗi da na tsare yanki. Da aka saki wasu tsakanin 2016 da 2019, shaho ya kashe da dama daga ciki, har aka kwashe ragowar aka mayar keji, sai a ƙarshen 2024 aka sake gwadawa da guda biyar a tsibirin Maui inda babu wannan shahon. Jinin hankakan bai gurɓata ba ko kaɗan, tarbiyyar daji ce ta kuɓuce masa, kuma babu na'urar da za ta rubuta masa ita.

Tushen kuskuren, a ganina, shi ne yadda mutane suke ɗaukar ƙarewar nau'i a matsayin mutuwar guda na ƙarshe. Wannan ranar rufe littafi ce kawai, asarar ta daɗe da aukuwa. Kurciyar nan ta Arewacin Amurka da yawanta ya kai biliyan 3 zuwa 5, wadda garkenta yake rufe rana idan ya tashi, ta ƙarshenta mai suna Martha ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914, amma tun shekaru kafin nan ta daina zama abin da take a cikin daji. Misalin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ungulun Indiya. A shekarun 1990 aka fara ba shanu maganin ciwo mai suna diclofenac, kuma duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Sai a 2004 aka gano musabbabin, aka hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma kafin nan nau'o'i uku sun ragu da fiye da kashi 95, ɗaya daga ciki ma da kashi 99.9. Ko ɗaya cikinsu bai ƙare ba, har gobe ana ganinsu. Amma mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita tare da ciwon haukan kare, ruwa ya gurɓata. Binciken da Eyal Frank da Anant Sudarshan suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa wannan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. To, a gaya mini, wane ɗakin gwaji ne zai ƙyanƙyashe ungulu miliyoyi, tsuntsuwar da take yin ƙwai ɗaya tak a shekara? Aikin da take yi aikin taro ne, kuma a kan taron ya kamata idonmu ya kasance. A Afirka ma wani bincike na 2024 a kan nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta ya gano kashi 88 cikinsu sun ragu, kuma raguwar ta fi muni a wajen gandun daji. A Botswana, a watan Yunin 2019, ungulu 537 suka mutu a kan mushen giwa uku da mafarauta suka zuba wa guba.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan batu shi ne masu yanke hukunci suna saurare. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar kerkecin, sakataren harkokin cikin gida na Amurka, Doug Burgum, ya yaba da aikin, ya kuma yi amfani da shi wajen nuna cewa ƙirƙira ce mafita fiye da dokokin kariya. Duk jami'in da yake neman hujjar sa hannu a sare daji ko a toshe kogi ya samu abin faɗa, tunda an ce masa abin da ya lalace ana iya sake shi. Tun a 2017 wani nazari a kan New Zealand da wani yanki na Ostireliya ya nuna cewa kuɗin kula da nau'in da aka tayar zai iya kare nau'o'i masu rai da suka ninka su yawa. Ina yi wa fasahar adalci a wuri ɗaya: a Amurka, a 2020, an yi kwafin wata 'yar dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, daga ƙwayoyin da aka daskarar tun 1988, domin a ƙara sabon jini cikin zuriyar da duk ta fito daga kakanni bakwai, kuma a 2024 wata kwafin ta haihu. Wannan taimako ne ga nau'in da yake raye kuma yake da wurin zama. Abin da ya wuce haka ihu ne bayan hari.

Aikin da kike son shiga kuwa an auna shi, an ga yana biya. Wani babban nazari da mujallar Science ta buga a 2024 ya tattara bincike 186, ya gano cewa a kashi biyu cikin uku na lokutan da aka ɗauki matakin kariya, ko dai halittu sun farfaɗo ko kuma raguwarsu ta lafa. Wani na 2020 ya ƙiyasta cewa tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa tsakanin nau'i 28 zuwa 48 da tuni sun ƙare tun daga 1993 ba don an tsaya musu ba. Kyanwar dajin Sifen da Fotugal tana da baligai 62 kacal a 2001, ta kai 648 a 2022, saboda an farfaɗo da zomayen da take ci, an gyara mata daji, an rage yadda motoci suke take ta. Mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, an ayyana ya ƙare a daji a 2000, aka fara mayar da shi gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi a 2016, kuma a ƙarshen 2023 aka cire shi daga wancan rukuni. Ki lura cewa ya yiwu ne domin filin yana nan, kuma an zauna da makiyayan yankin an fahimci juna.

Inda abin yake ci mini rai shi ne wajen gwamnatoci. Muradu 20 na kare halittu da ƙasashen duniya suka amince da su a Aichi ta Japan a 2010, ko ɗaya ba a cika shi gaba ɗaya ba zuwa 2020. A Disambar 2022 aka sake haɗuwa a Montreal ta Kanada aka yi alƙawarin kare kashi 30 na tudu da teku kafin 2030, amma a 2024 ana kan kashi 17.6 na tudu da 8.4 na teku, kuma da aka je taron Cali a Kolombiya a shekarar, ƙasashe 44 ne kawai cikin 196 suka kawo cikakken tsarin aikinsu. Daga cikin gandun da ake ƙirgawa ma akwai waɗanda a takarda kawai suke, ba mai gadi, ba mota, ba wanda ya san abin da ya rage a ciki.

Shawarata gare ki ita ce ki ƙware a ƙidaya da bibiya, komai rashin armashinsu. Dubban nau'o'i a Jan Kundi an rubuta su a rukunin waɗanda ba a da isasshen bayani a kansu, kuma wani nazari na 2022 ya yi hasashen cewa fiye da rabinsu suna cikin haɗari. Ki zaɓi rukuni ɗaya da ba a cika kula da shi ba, kwaɗi ko kifin ruwan kogi ko jemagu ko ƙwari masu barbarar furanni, ki koyi tantance su da kyau, ki riƙa ƙirga su a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na kowace shekara, sannan ki ajiye bayanan a rumbun da sauran masana za su iya samu.