Janareto ko sola, wanne zan saya da kuɗin adashina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ina Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina, ina saida ƙanƙara da zoɓo a gida, firiza ɗaya gareni kuma wuta bata zama. Na kwashi adashi, maigida yace janareto, ƙanwata tace sola, dan Allah wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a sana'ar. Ni dai sola zan ce miki. Janareto ranar sayensa kawai yake da sauƙi, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai tada shi kullum ya san yadda ake ciki, ga fetur ga baƙin mai ga kuɗin bakanike, wallahi ribar ƙanƙarar a gidan mai zata ƙare. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, kuma lokacin da take ƙwallewa a Afrilu da Mayu shine lokacin da ake rububin ƙanƙarar taki.

Amma kar ki kwashi kuɗi ki tafi kasuwa haka kawai. Ki fara leƙa bayan firizar, akwai 'yar takarda manne da ke nuna wat nawa take ci, ki ɗauki hotonta ki nuna ma mai haɗawa, domin duk sanda kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya firizar, zata tashi takan fizgi wuta ninkin abinda aka rubuta, in inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ƙarama ce sai kiji tana kuka tana ɗaukewa. Inda aka fi cutuwa kuma wajen batir ne. Mai ruwan nan da ake cema tubula ya fi araha, sai dai baya son a zuƙe shi ya wuce rabi, yana son ƙarin ruwan batir lokaci lokaci, ga zafin garin nan na rage masa kwana, shi ko litiyom akwai tsada amma ya fi jurewa nesa ba kusa ba. In kuɗin basu kai ba ki ƙara fanel, wato farantan da ke kama hasken rana, ki rage batir, firiza ta yi aikinta da rana, in dare ya yi a rufe ta ruf kar yara su riƙa buɗewa. A kafa fanel ɗin ya ɗan kallo kudu, sannan ki kula da ƙura. Da hunturun bara maƙwabcina ya zo yana cewa an saida masa jabu, muka hau rufin, sai na sa yatsa na ja layi a kan gilashin saboda ƙurar da ta kwanta, ruwa da tsumma kawai aka sa wuta ta dawo.

Tambaya: Malam ni ɗan Daura ne, mahaifiyata da icce take girki, hayaƙi na sa ta tari da hawaye. Kurfoti zan saya mata ko gas?

Amsa: Allah ya yi maka albarka ɗan'uwa. Gas zaka saya, ƙaramar tukunya mai kilo 6 wadda kan ke ɗaure a samanta ta ishe ta farawa. Gawayi shima daga itacen yake, dazukanmu kuwa kana ganin yadda suke ƙarewa, sannan a rufaffen ɗaki iskarsa na kisa. Ka zauna da Inna ka koya mata kunnawa da kashewa har tsoron ya fita, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar kan da tukunyar, in kaga kumfa na tashi to yana yoyo, a fitar da ita waje kar a kunna.