Taraktar lambu mai batir ta rage ƙarfi: batir ɗaya zan canza ko duka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramar tarakta ta hannu mai aiki da batir, ina gyaran lambu da ita a Bukuru. Batir huɗu gare ta, kowanne bolt 12. Da takan yi kusan awa biyu, yanzu ko minti ashirin ba ta kaiwa. Makanike ya ce ɗaya ne ya mutu, in sa na mota a gurbinsa. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ya gano ciwon, amma maganin nan nasa kada ka sha.

Batiran nan a jere aka haɗa su don su ba da bolt 48. Wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, saboda haka inda mai rauni ya gaji, nan sauran ke tsayawa. Ka cika caji, ka zare caja, ka bar su su kwana, da safe ka auna kowanne da mitar awon bolt. Lafiyayye zai nuna 12.6 zuwa 12.8. Wanda ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya cikin ɗakunansa shida ya tafi, kuma wannan ba ya gyaruwa. Sai dai awon zaune yakan yaudari mutum. Ka maƙala wayoyin mitar a kan batir ɗaya, ka sa tarakta aiki, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda lambarsa ta faɗo ta bar 'yan'uwansa, shi ne.

Kafin ka kashe ko sisi, dubi kawunan batiran, inda ake ɗaure wayoyi. Farin garin nan ko kore-kore da ke taruwa a kai, ko noti da ya saki, kaɗai ya isa ya cinye ƙarfi. Cire zobe da agogo, naɗe sifana da tef, ka wanke kawunan da ruwan soda ta yin burodi, ka ɗaure tam.

Batirin mota kuwa farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, an yi shi ne don tada inji na 'yan daƙiƙu. Tarakta na son irin wanda ake zuƙewa a hankali a sake cikawa, kamar na inbata. Ko irin na taraktar ka samo, haɗa sabo da tsofaffi tamkar ɗaura wa ɗan bijimi da tsohon sa garma guda ne: sabon zai wahala, ya tsufa da wuri. In ba ka san shekarunsu ba, shawarata ka canza huɗun lokaci ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Na san kuɗi ne, amma ya fi ka saya sau biyu.

In masu murfi ne, tataccen ruwa kawai za ka ƙara ya rufe faranti, ban da asid. Rufaffu ba a buɗe su. Sanyin hunturun Jos yana rage ƙarfin batir na ɗan lokaci, wannan ba mutuwa ba ce. Abin da ke kashe shi shi ne a ajiye tarakta watanni babu caji, gishiri ya daskare a jikin faranti. Ko ba aiki, ka cika su duk wata, a wuri mai iska, domin suna fitar da gas mai kama wuta.

In za ka koma batirin lithiyam, ƙwayoyi 16, wato ƙananan batira masu bolt 3.2, ke ba da 51.2. Dole a sa allon da ke kula da cajin kowace ƙwaya, kuma a sauya caja.