Hukuncin Mayar da Ajiya Zinari Saboda Tsoron Yaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Jidda, na tara riyal 40,000. Duk lokacin da aka soma raɗe-raɗin yaƙi a yankin nan sai in ji gwal ya tashi. Wani mai shago a kasuwar Balad ya ce in ba shi rabin kuɗi ya riƙe mini a farashin yau, in cika bayan wata guda. Maiɗakina kuma tana so ta ba da tsofaffin awarwaronta ta yi ciko ta karɓi sababbi. Ya halatta? Kuma ajiye zinari don jiran tashinsa ba ya cikin taskacewar da Alƙur'ani ya hana?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sayen zinari ko azurfa don kare dukiya halal ne, ko ana zaman lafiya ko ana fargaba. Ayar Suratut Tauba ta 34 ta yi narko ga masu taskace su, amma Abdullahi ɗan Umar ya bayyana cewa abin nufi shi ne dukiyar da ba a fitar mata da zakka. Sai dai hanyoyin nan biyu da aka kawo maka, ɗan'uwa, duka ba su inganta ba.

Asalin babin shi ne hadisin Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim: zinari da zinari, azurfa da azurfa, daidai wa daida, hannu da hannu, in jinsi ya bambanta a sayar yadda aka so muddin hannu da hannu ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Amman a 1986 cewa takardun kuɗi suna ɗaukar hukuncin zinari da azurfa a riba da zakka. Don haka riyal da gwal jinsi biyu ne: farashi ku daidaita yadda kuka ga dama, amma kada ku rabu sai ka biya duka ya miƙo maka duka. Rabin kuɗi yau, kaya bayan wata, ribar jinkiri ce. Kafin alƙalami, da biya kaɗan-kaɗan, da "riƙe mini" ta WhatsApp, duk hukuncinsu ɗaya. Mafita mai sauƙi ce: in riyal 20,000 za ka biya yau, ka sayi gwal na 20,000, a auna a gabanka, ka karɓi fatura, wato rasidi, ka fito da abinka. Katin banki na mada da ke cire kuɗi nan take ana lissafa shi karɓa. Haka in ka wakilta amintacce ya biya ya karɓa a madadinka.

Awarwaro kuwa, tsoho da sabo a ma'aunin shari'a duk zinari ne, ba a musaya sai nauyi ya zo ɗaya, ciko kuma ya ɓata wannan. Ta sayar da tsofaffin, ta karɓi kuɗinta a hannu, sannan ta yi cinikin sababbi daban, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci mai kula da dabinon Khaibar ya sayar da maras kyau da dirhami ya sayi mai kyau da su. Kada a sharɗanta mata sai ta saya a shagon. Malikiyya suna da tsanani a nan, gara ta leƙa wani shago, sau da yawa ma ta fi samun farashi.

Sai batun yaƙi, inda mutane suka fi ruɗuwa. Gaskiya ne tsoro yana ɗaga zinari, domin ba alkawarin wata gwamnati ba ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ta mashigin Hormuz yake bi. In aka taɓa shi mai ya yi tsada, kaya su bi, jama'a su guji takardar kuɗi. Amma tashin tsoro bai cika daɗewa ba. A Janairun 1980, bayan juyin Iran da shigar Tarayyar Sobiyet Afganistan, ozar zinari, wato giram 31.1, ta kai dala 850, sannan ta yi ta sauka har kusan 250 a 1999. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a Agustan 1990 ya haura 400, ranar da aka fara luguden wuta a Janairun 1991 kuwa faɗuwa ya yi. A Maris 2022, farkon yaƙin Yukiren, ya wuce 2,000, kafin ƙarshen shekara ya sauko ƙasa da 1,700 saboda Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa. Abin da ya fi riƙe farashi a shekarun nan shi ne manyan bankunan ƙasashe, da suka sayi fiye da tan 1,000 kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Azurfa ta fi rawa, don wajen rabin buƙatarta ta masana'antu ce. Wanda ya ce maka tabbas zai tashi ya faɗi abin da bai sani ba, in ɗan kasuwa ne kuma ya faɗa don ya sayar, ya yi algus. Fatan yaƙi ya ɓarke don kaya su yi daraja haramun ne. An umarce mu mu roƙi Allah lafiya.

Ka kuma lura riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Halinka ba ɗaya ba ne da na 'yan'uwanmu a Sudan da fam ya narke a hannunsu tun yaƙin Afrilun 2023. Su larura ta kai su ga gwal, kai zaɓi ne, saboda haka kada ka zuba kuɗin haya da na iƙama (takardar izinin zama) da na makarantar yara, kada kuma ka ci bashi.

In ajiya kake nufi, sayi sabika, wato sandar zinari, mai karat 24. Kayan ado akwai masana'iyya, wato ladan ƙira, ga harajin kashi 15, ranar sayarwa kuma ba mai mayar maka da su, duwatsun jiki ma cire su ake kafin awo. Zinarin jari mai tsarkin kashi 99 zuwa sama ba a ɗora masa wannan haraji. Lissafin farashi: raba kuɗin oza da 31.1, ka ninka da 3.75. A ɗauka oza dala 3,000 ce, giram na 24 ya kama wajen riyal 362, na 21 kuma ka ninka da 0.875, wajen 316. Abin da ya hau kan haka ƙira ce da riba da haraji, nan ne wurin tayi.

Cinikin zinari ta manhajojin waya, inda za ka sa ɗari a ba ka damar juya dubu goma, babu karɓa a ciki, ga bashi mai jawo amfani, ga kuɗin kwana. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka ta haramta wannan salo a 2006.

Zakka: nisabi giram 85 ne na tsantsa, wato wajen giram 97 na karat 21 ko 113 na karat 18, azurfa giram 595. Ana fitar da kashi 2.5 bisa farashin ranar fitarwa, ana haɗawa da kuɗin hannu da na banki. Shekara ba ta sake farawa don ka mayar da riyal gwal, tana nan daga ranar da kuɗin suka cika nisabi. Awarwaron da maiɗakinka ke sawa babu zakka a kansu a wajen Malik da Shafi'i da Ahmad, Abu Hanifa ya wajabta. In kuwa ta saye su ne ta ɓoye don ranar buƙata, ko a mazhabar Malik sai ta fitar.

Wallahu a'alam.